Sai Inji Ya Yi Fitsari

Da sunan Allah. Ni ban taɓa riƙe biro ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka inda magana ta karkace ku yi wa tsufa uzuri.

Ku samarin yanzu, in kun tsaya a mashigin garinmu, nan ƙasar Miga inda kogi ya raba mu da gonakin ƙetare, kukan ga mai jirgi ya finciki igiya, inji ya ɗauka, jirgi ya keta ruwa. Sai ku ce wannan ai ba aiki ba ne, babur ne aka tsoma wa ƙafa a ruwa. Da kunnena na ji wani yana faɗar haka a ƙofar gidana. To, babur in ya mutu sauka ake yi a tura shi. Wanda injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, ga mata ga jarirai, a ina zai sa ƙafa?

Iya Mai Inji ake ce mini. Ga yadda sunan ya same ni.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana su a tafkin Chadi. Da ya dawo gida bai zo da shanu ba, bai zo da rediyo ba, sai inji guda, ƙato, mai ƙarfin doki arba'in, wanda ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi. Ya ɗaura shi a bayan kwale-kwale, ya shiga fito da mutane. Kullum da yamma a kwanto injin a kawo gida, a rataye shi jikin wani gungume da ya kafa a gindin darbejiya, ƙafarsa cikin duro. Aikina na farko cika duron nan da ruwa. Daga nan sai miƙo sifana. Ban san lamba ba, sai na raɗa musu suna: babbar Uwa, ta tsakiya 'Ya, ƙaramar Jika. Har shi Malam ɗin ya koma cewa, “Miƙo mini Jika.”

Ana nan, yanar ido ta fara rufe masa gani. Hannu yana nan da saninsa, gani ne babu. Wata rana ya kwance fulogi, ya juya shi, ya kai shi kusa da fuska, ya gaji ya miƙo mini.

“Ke, duba bakinsa. Wane launi ne?”

Na ce, “Kamar gyaɗar da aka soya a yashi, ba ta ƙone ba.”

Ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. In kin gan shi kamar gindin tukunya, baƙin mai ya yi yawa. In kin gan shi fari kamar tokar murhu, injin zazzaɓi yake, ki tsaya ki nemi dalili.”

Haka na koya, shi da hannu ni da ido, da irin maganar madafi. Kayan aikin ma a tsohuwar kwallata ta aure suke zama har yau: sifanun nan, da filaya, da sukundireba, da gwangwanin tumatir na awon baƙin mai, da gashin kaza na share kafireta, da tsohon kallabi na tace fetur, da tsinken tsintsiya. Kada ku raina tsinken, za ku ji amfaninsa.

Zamanin soja, lokacin da fetur ya yi wuya sai a hannun 'yan bumburutu, wani masunci ya kawo inji yana tari kamar tsohon mashayin taba. Ya rantse shi dai sammu aka yi masa. Na ce a miƙo mini tankinsa. Na ɗiga man a tafin hannu na hura. Fetur na ƙwarai tashi yake ya bar hannu a bushe, wannan kuwa ya kwanta, ga maiƙo, ga warin kananzir. Na ce a gaya masa wanda ya yi masa sammun a bakin titi yake zaune da galan. Na wanke kafireta, na tace sabon mai da kallabi, tari ya tafi.

Wani kuma manomin fadama ne, ya saba da injin ban-ruwa. Ya sayi injin jirgi, ya ɗura masa fetur zalla kamar yadda yake wa wancan. Bai san shi wannan tare yake shan fetur da baƙin mai ba, a cuɗe, a girgiza. Injin ya yi masa gudu na yini guda ya sandare. Da aka buɗe, cikinsa duk ya karce. Wannan ban iya tashinsa ba, na faɗa masa gaskiya, ya ɗauki gawarsa ya tafi.

Duk injin da ya shigo gidana, ko ciwon kai kawai aka ce yana yi, sai na bi shi daga sama har ƙasa. In kwance farfela in duba bayanta, don zaren komar masunta yakan naɗe a wurin, ya yi ta ci a ɓoye har ya buɗe wa ruwa ƙofa. In tsiyayo man giyar injin a murfin kwano. In ya fito kamar zuma, madalla. In ya fito kamar nono, ruwa ya shiga, kuma haƙoran giya suna hanyar lalacewa. In matsa tiyon mai in ji ko ya tsage. In ja igiya a hankali in ga inda ta fara sili-sili.

Amma babban abin dubawa shi ne fitsari, ku gafarce ni, haka masu sana'ar ke kiransa. Injin jirgi ba da iska yake shan sanyi ba, da ruwan kogi ne. Can cikin ƙafarsa akwai wata 'yar roba mai fukafukai, ita ke zuƙo ruwa ta tura sama, ya zagaya cikin injin, ya fito ta wata 'yar kafa a baya, tsiriri. In kun ga tsiririn nan, inji yana da rai. In babu, ko da sautinsa ya fi na kalangu daɗi, yana cin kansa ne. Ita kuma robar nan ba ta jure juyawa a bushe. Ko na ɗan jim aka tayar da inji ba ruwa, ta soye.

Doka biyu Malam ya bar mini. Inji ba ya fita gidan nan sai ya yi fitsari a duro a gaban idona. Kuma ko ƙusa ba a cirewa daga injin wani a sa wa na wani sai da bakin mai shi.

Da ya rasu na ci gaba. Maza su tsaya a zaure su kwaikwayi kukan injinsu da baki, ni ina ciki ina saurare, a shigo da inji, a fita da inji. Da aka kawo shari'a, aka shiga raba maza da mata a mota da jirgi, wasu suka fara cewa ko sana'ar nan ta dace da mace. Na ci gaba da aikina. Ina cikin gidana, zaure yana tsakaninmu, kuma masu maganar ma damina na faɗuwa injinsu yake riga su zuwa.

Sai shekarar babban ruwa.

A ranin shekarar na tafi Kafin Hausa wankan jegon 'yata. Ɗana Habu kuwa ya bar acaɓa a Dutse ya dawo gida, zai gaji mashigin ubansa. Na dawo damina ta kankama, na tarar da injinan mutane suna jirana, na fara da su. Cikinsu har da na Malam Hudu.

Malam Hudu shi ne ɗaya mai fiton a mashiginmu. Sun taɓa samun saɓani da maigidana kan fasinjan ranar kasuwa, aka yi musayar magana, har ƙasa ta rufe idon ɗaya ba su shirya ba. Amma babu wani mai gyara kusa, saboda haka yana aiko inji, ba ya aiko gaisuwa. Na buɗe nasa na tarar haƙorin giya ya karye, sai an samo daga Kano. Na jingine shi ƙarƙashin rumfa.

Kafin in kai kan namu, ruwa ya zo. Bai jira lokacinsa ba. Mun wayi gari kogi ya haɗiye gonakin ƙetare, ya shigo lungunan gari, ya yanke hanyar mota. Da hantsi sai ga Buba, ɗan Arɗon Fulanin da ke zaune a ƙetare, jiƙe sharkaf, yana sallama a zaure.

Ya ce, “Iya, ruwa ya zagaye ruga. Mu maza mun ƙetaro da shanu, muna riƙe da wutsiya. Mata da yara da tsofaffi suna kan tudu, tudun kuma raguwa yake.”

An riga an gwada da gora. Gora ba ta taɓa ƙasa, igiyar ruwa ta juyo da jirgin kamar ƙwarya. Inji kawai zai kai, a garin kuwa namu ne ya rage.

Habu ya ce, “Iya, injin Baba a shirye yake. Duk kwanakin da kika yi a Kafin Hausa, kullum da safe sai na ɗumama shi. Ja ɗaya yake tashi.”

Na ce, “A ina kake ɗumama shi?”

“Nan jikin gungume mana.”

“Da ruwa a duron?”

“Ruwa kuma? Ai ɗan jim ne, kamar yadda muke wa babur kada ya yi sanyi.”

Na ce a cika duro. Habu ya ja igiya, inji ya ɗauka tas, har mutanen zaure suka yi kabbara. Na zagaya baya na tsuguna. Babu tsiriri. Na zura tsinken tsintsiya a kafar, ko zanzaro ne ya yi gini a ciki. Babu.

Na ce, “Kashe.”

“Iya, kin ji sautinsa kuwa?”

“Na ji. Da wannan sautin zai kai ka tsakiyar ruwa, can zai tsaya. Kashe, miƙo mini 'Ya.”

Muka sauke ƙafar injin. Robar ta fito kamar ƙanzo, fukafukanta sun kakkarye, wasu ma babu su. Irinta sai Haɗeja ko Kano, hanya kuwa tana ƙarƙashin ruwa. Habu ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannuna, sannan ya ɗaga ido ya dubi rumfa. Injin Malam Hudu irin namu ne sak, kuma robarsa lafiya lau, ni na duba ta da kaina.

Habu ya ce, “Ciro tasa.”

Na ce, “Ba tamu ba ce.”

“Mu mayar masa gobe. Wa zai sani?”

“Ni.”

“Haba Iya! Mutane na can ruwa zai ci, ke kina maganar roba?”

Na ce, “Da ba ka tsaya musu ba, da yanzu na kai rabin hanya. Kankare gidan robar nan, kada ka bar ɓurɓushi. Ka haɗa mai, ka tace.”

Ban aiki Habu ba, don a makon nan ma sun yi cacar baki da mutumin a mashigi. Na yafa mayafi na fita, ruwa har gwiwa a lungu. Na tarar da Malam Hudu a ƙofar gidansa da maza, suna jera buhunan ƙasa a gindin katanga. Tun da aka kawo ni garin ban taɓa tsayawa gaban taron maza ba. Na yi sallama.

Ya miƙe yana karkaɗe hannu. “Matar marigayi? Lafiya? Ko injin nawa ne ya tashi?”

Na ce, “Bai tashi ba, Malam. Aro na zo. Robar cikinsa nake so in sa a namu, a ɗebo iyalan Arɗo.”

Ya juya ya dubi mutanensa. “Kun ji. Gidan da ya kwashe mini fasinja shekara da shekaru, yau kuma hanjin injina ake so.” Wani ya yi dariya. Ya sake dubana. “Injin yana gidanki, sifana tana hannunki. Me ya hana ki cira?”

Na ce, “Naka ne.”

“In na ce a'a fa?”

“Sai in koma in ga ko zan iya yanko wata daga tsohuwar taya. Ba za ta yi ba, amma zan gwada.”

Ya dube ni, ruwa na wucewa ta tsakanin ƙafafunmu. Can ya ce, “Shi ma haka yake, Allah Ya jiƙansa. Taurin kai har ya ishi mutum.” Ya jefar da buhun da ke gabansa. “Jirginku ƙarami ne, sawu nawa zai yi? A ɗaura injinku a nawa. Kuma ba zan ba ɗan acaɓa tuƙi a wannan ruwa ba, ni zan riƙe.”

Na ce, “Na yarda. Amma da ni za a tafi.”

“Ke kuma?”

“Gutsattsarin tsohuwar robar sun haura cikin injin, ban ga dukkansu ba. In ɗaya ya toshe hanya a tsakiyar ruwa, sai da wanda zai ji a hannunsa tun kafin inji ya ji.”

Muka dawo gida tare, a gabansa na ciro robar, don ya gani da idonsa. Na shafe ta da giris, na lanƙwasa fukafukan ta ɓangaren da take juyawa, na zaunar da ita, muka mayar da ƙafa, muka tsoma a duro. Habu ya ja. Ba a jima ba sai ga tsiriri ya ɓullo, ya yi baka, ya sauka a kan takalmin Malam Hudu.

Ya ja da baya yana cewa, “Kai! Ko injin gidan nan bai ƙyale ni ba.”

A mashigi akwai wani dattijo da ke tsara zama, mata gaba, maza baya. Ya ga na nufi baya, ya ce, “Iya, wurin mata gaba ne.”

Malam Hudu ya ce, “Bar ta, Malam. Wannan ba fasinja ba ce, tare take da injin.”

Dattijon ya riƙe mini bakin jirgi har na zauna, ya ce Allah Ya kiyaye. Duk shekarun da na yi ina gyaran injinan nan, ranar ce ta farko da na shiga jirgi mai inji. Ni tafiyata da rani ce, a taka yashi a wuce. Na ajiye kwallata a cinya, na juya wa gaba baya, na tara hannuna ƙarƙashin tsiririn. Ban kalli kogi ba. Ɗumin ruwan kamar na wankan jariri, haka ake so.

Mun shige inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi sai na ji ɗumin ya ƙaru. Tsiririn ya sirance, ya koma ɗiga, ya fara cizon hannu.

Na ce, “Malam, kashe.”

“A nan? Ruwa zai tafi da mu!”

“Kashe, ka ɗago ƙafar.”

Ya kashe. Jirgi ya juya gefe, Habu da Buba suka kama filafili suna kokawa da ruwa, Buba yana ta salati. Malam Hudu ya ɗago ƙafar injin. Ganyen kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana kogi, ya manne a ƙofar shan ruwa kamar an liƙa. Na miƙa hannu na ɓare shi. Na zura tsinke a kafar fitsari, na juya, na sake juyawa, sai ga baƙin gutsuren roba ya faɗo kamar ƙwayar barkono.

Na ce, “Sauke. Habu, ja.”

Ya ja, bai ɗauka ba. Ya tofa a hannu ya sake ja. Inji ya ɗauka, tsiriri ya dawo, sanyinsa ya sauka a tafina. Malam Hudu ya karkata kan jirgi ya fuskanci ruwa.

Mun iske su a tsaye a saman tudu, ruwa ya kai idon sawu, ƙore a ka, yara a kafaɗa, 'yan maruƙa a ɗaure da juna. Dije, matar Arɗo, wadda ta saba kawo mini nono har tsakar gida, ta leƙo ta gan ni a gindin inji.

Ta ce, “Iya? Yau ke ce kika biyo mu har ruga?”

Na ce, “Shigo da tsofaffi tukuna, gaisuwa sai a gari.”

Muka yi ta sawu har la'asar. Sau da dama na sa aka kashe aka ɓare kacala, kuma daga na farkon nan Malam Hudu bai sake musu ba, da na ɗaga hannu yake kashewa. A sawun ƙarshe tudun ya nutse, sai kan bukkoki ake gani. Gero ya tafi, kaji sun tafi. Mutum ko ɗaya bai tafi ba.

Da ruwa ya janye, hanya ta buɗe, aka kawo haƙorin giyarsa da sabuwar roba daga Kano. Na haɗa masa injinsa, ya yi fitsari a duro, aka kai masa. Bayan kwana kaɗan na ji sallama a zaure, na gane muryar.

Na ce, “Malam Hudu, me ya samu injin kuma?”

Ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. Yau gaisuwa na kawo.”

Na sa aka shimfiɗa masa tabarmar marigayi.

Habu shi ke riƙe da mashigin yanzu. Ku je gidansa kowace safiya, ba za ku ga ya taɓa igiya ba sai duro ya cika har baki. Ni ido ya fara yi mini abin da ya yi wa marigayi, amma hannu yana nan, yana gane ɗumi. Cikinku duk wanda yake son koyo, ƙofa a buɗe take. Ba zan ba shi sifana ranar farko ba. Ga guga can a bakin rijiya, ga duro a gindin darbejiya. Daga nan na fara.